Shekarar da Habu Ya Ajiye Wuƙa

Kun taso kuna jin cewa Baffanku Habu ya bar Fatakwal ne don kasuwar albasa ta fi tafiya a Anacha. Ni na faɗa muku haka, mahaifiyarku ma ta faɗa, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don albasar ya sayar har ƙarshen ransa. Amma ba ita ta raba shi da mu ba. Yanzu da muka rufe shi, na kuma ga yadda kuka riƙa kallon juna a wurin zaman makoki kuna tsintar guntayen maganganu, na ga gara ku ji daga bakina kafin ku ji daga bakin wanda bai san shi ba. Ban yi karatu mai zurfi ba. Zan faɗi abin da na gani da abin da aka faɗa a gabana. Abin da ban sani ba, zan ce ban sani ba.

Sai na fara yi muku bayanin aikinsa, don babu ɗayanku da ya bi sana'ar fawa. A kwata, inda ake yanka shanun gari, ba kowane mahauci ne ke ɗora wuƙa a wuyan dabba ba. Mu da yawa aikinmu fiɗa ne, da sara, da kai nama kasuwa. Masu yanka mutum ɗaya ne ko biyu, Sarkin Fawa ne ke zaɓarsu, kuma ba ƙarfi ake dubawa ba. Ana duba mai sallah, mai tsarki, wanda ba zai manta da bisimilla ba ko ana ruwa ko ana faɗa. A arewa mutum ba ya tunanin wannan, ya san ko ina ya sayi nama Musulmi ne ya yanka. A nan ba haka ba ne. Matar da ta zo teburina a kasuwar Mile 3 ba ta ga lokacin da san ya faɗi ba. Ta yarda da ni, ni kuma na yarda da hannun da ya yanka. In aka taɓa wannan yardar, naman da ke gabanka ya zama mushe a idon mutane ko da kitse na ɗiga daga jikinsa.

Habu ne wannan hannun. Ƙanina ne, autan Inna, kuma tun yana saurayi mahaifinmu ya gane abin da ke hannunsa. Yakan wasa wuƙarsa nesa da dabba don kada ta gani. Yakan dafa wuyan sa ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, sa ɗin da ya gama watsar da maza huɗu sai ka ga ya yi laushi. Ja ɗaya yake yi. Tsofaffin mahauta sukan ce dabbar da Habu ya yanka ba ta san ta mutu ba. Shi ba mai surutu ba ne, ba ya zama majalisa, ba ya kwartanci, ba ya shan komai. Abu ɗaya ake yi masa tsiya a kai, ya wuce shekarun aure bai yi ba. In an matsa masa sai ya yi murmushi ya ce lokaci bai yi ba. Yana zaune ɗaki ɗaya da wani tela, Iliya, mutumin ƙasar Zazzau, a bayan layinmu a unguwar Diobu. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu, maza biyar ma sukan haɗa ɗaki saboda tsadar haya. Sai dai su biyu ne kawai, shekara da shekaru, kuma duk wanda ya nemi ya zama na uku sai su ce ɗakin ya yi kaɗan.

A shekarar da nake ba ku labari, ana saura 'yan watanni Babbar Sallah, magana ta tashi. Ban san bakin da ta fara fitowa ba. Wasu sun ce matar mai gidan hayarsu ce, wasu sun ce wani da suka hana ɗaki. Zan rubuta kalmar sau ɗaya don ku san abin da ake nufi, ba zan sake ba. An ce Habu da Iliya suna luwaɗi. Ni ne na ƙarshen ji, kamar yadda aka saba, kuma a kwata na ji, da hantsi, ina durƙushe ina fiɗa. An kayar da wani farin sa, an ɗaure, an fuskantar da shi alƙibla, Habu ya taho da wuƙarsa a bayansa. Sai mai san, wani mahauci da ake kira Tanko, ya sa ƙafa ya tare.

"Dakata, Habu. A kira min Malam Audu."

"Lafiya, Tanko?"

"Lafiya ƙalau. Ni dai ba na sayar wa Musulmi mushe."

Wani daga baya ya ce, "Ku bar amarya ta huta, ta gaji."

Aka yi dariya. Ba kowa ya yi ba, amma an yi. Habu ya koma gefe ya tsaya. Malam Audu shi ne ɗaya mai yankan, tsoho ne, hannunsa ya fara rawa. Ya zo ya yi ta gurzawa, san yana gurnani yana bugun ƙasa. Na ga Habu ya kawar da kai. Ni kuwa kaina na ƙasa, ina ta jan fata kamar ban ji ba, kunnuwana suna zafi. Daga baya na tashi na shaƙi wuyan Tanko har aka raba mu, amma wannan bai goge komai ba. Faɗan ma ya ƙara kai maganar inda ba ta kai ba.

A gida kowa da abin da ya dame shi. Inna lokacin idonta ya fara rauni, tana zaune tare da mu. Da ta ji, ta sa aka kira shi, ya durƙusa a gabanta.

"Auta, ka yi asuba yau?"

"Na yi, Inna."

"Ka ci haƙƙin wani?"

"Ban ci ba."

"To tashi ka ci abinci."

Iyakar binciken da ta yi ke nan. Mahaifiyarku kuwa, kada ku ga laifinta, ku take tunani. Ta same ni a ɗaki ta ce, "Malam, muna da 'ya'ya mata. Wa zai turo neman aure gidan da ake nunawa da baki? Yau na je awo, na yi sallama, mata suka yi shiru." Ita ce ta kawo shawarar cewa wataƙila aljana ce ta aure shi, shi ya sa mata ba sa burge shi, don an yi haka ga wani ɗan'uwansu a ƙauye. Na kama wannan magana da hannu biyu, don in aljana ce, to ba laifin kowa ba ne. Na nemo mai ruƙiyya, aka yi ta karatu a kansa, aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu a kwano. Habu ya zauna, ya shanye, ya miƙo kwanon.

"Yaya, ayar Allah ce, me zai hana in sha? Amma ba ni da aljana."

Da wannan bai yi ba, sai na nufi asibiti. Akwai wata likita, 'yar garin nan, Kirista, da ke sayen nama a teburina duk Asabar. Na je wurinta na ce wani abokina ne ke da ƙane mai irin wannan matsala, ko akwai allura. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Aboki, na your brother?"

Wato tambaya take ko ƙanina ne, ta riga ta gane. Ta yi min bayani a hankali da Turancin kasuwa, don in fahimta. Ta ce babu allura, babu ƙwaya, domin a wurin likitoci ba ciwo ba ne. Ta ce a da sun ɗauke shi ciwo, sun gwada abubuwa iri-iri a kan mutane, ba su sauya su ba sai wahala da suka ƙara musu, shi ya sa suka bari. Ta ce akwai irinsu a kowace ƙabila, a nata mutanen ma akwai, kuma har yanzu ba a gama sanin abin da ke kawo shi ba, amma ba a zaɓarsa kamar yadda ake zaɓar riga. Raina ya ɓaci. Na ce mata a addininmu haramun ne.

Ta ce, "A cocinmu ma haka ake faɗa. Amma magani ka zo tambayata, ba hukunci ba. In na ba ka wani abu na ce zai warke, na cuce ka. Abin da na sani shi ne, ba wannan ke kwantar da irinsu ba, korar da ake yi musu ce. Ka sa masa ido."

Na fito ina jin haushinta. Na so ta ce ciwo ne. Ciwo ana zuwa dubiya, ana cewa Allah ya sawwaƙe, babu mai dariya.

Sauran mahauta kuwa sun fara bin Tanko. Ba wanda ya kori Habu, sai dai in ya zo da safe, layin shanu na wajen Malam Audu, shi kuma sai nawa da na mutum biyu ko uku. Na ga abin da ya rage shi ne hukuncin malamai. Na je na roƙi Sarkin Fawa ya kira zama a gaban Liman, don na tabbata in littafi ya yi magana kowa zai yi shiru. Habu ya ce in bari. Na ce ni ne babba. Aka zauna a barandar masallaci bayan la'asar, mahauta sun cika har bakin titi, 'yan okada masu haya da babur ma sun kashe injin suna leƙe. Limaminmu na lokacin tsoho ne ɗan siriri, ba ya ɗaga murya. Ya dubi Tanko.

"Kai ka gani da idonka?"

"Allah gafarta Malam, ai kowa ya sani."

"Kowa ba shaida ba ne. Kai nake tambaya."

"Ban gani ba."

"Akwai wanda ya gani a nan?"

Babu wanda ya motsa. Sai Liman ya ce aikin da ake faɗa babban zunubi ne, babu malamin da zai ce ba haka ba. Ya ce jifan Musulmi da shi ba tare da shaidu ba shi ma babban zunubi ne, kuma wannan na biyun shi ne ya tabbata a gabansa yau. Ya ce ba a ba kowa izinin leƙa ɗakin wani ba. Game da nama kuwa, ya ce Musulmin da ke sallah, mai hankali, in ya ambaci sunan Allah ya yanke abin da ake yankewa, yankansa halal ne, ko mai zunubi ne ko ba mai zunubi ba. Ya ce in da zunubi na mayar da yanka mushe, da duk garin nan ba mai cin nama. Na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Da a nan aka tashi, wataƙila da labarin ya sha bamban. Amma Sarkin Fawa ya gyara zama ya ce shi yana son maganar ta mutu gaba ɗaya, a kawo Alƙur'ani Habu ya dafa ya ce ƙarya ake yi masa, shi ke nan. Liman ya ce shari'a ba ta ɗora masa wannan ba. Sarki ya ce ya sani, amma kasuwa ta ɗora. Aka kawo. Habu ya yi alwala, ya zo ya dafa, sannan ya ce:

"Na rantse da wanda ya saukar da wannan, ban taɓa ɗora wuƙa a wuyan dabba ba sai da sunan Allah, ban taɓa ba ku abin da ba zan ci ba. Wannan ce amanar da kuka ba ni. A kanta zan rantse."

Ya ɗauke hannunsa. Aka jira ya ƙara, bai ƙara ba. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon, mutane suka riƙa tashi ɗaya-ɗaya suna neman takalmansu. Na zauna a wurin ban iya ɗaga ido ba. Kunyar da na ji ranar ba ta da misali, kuma ba zan ɓoye muku ba, a cikinta har da haushin cewa bai yi ƙarya ba. Rantsuwa ɗaya ce, da ta rufe bakin kowa. Sai daga baya, da daɗewa, na tsaya na yi tunanin mutumin da ake cewa bai cancanci riƙe wuƙa ba, shi ne ya ƙi dafa littafin Allah a kan abin da ba zai iya tsayawa a kai ba.

Bayan wannan zama kowa ya yarda da hukuncin Liman da baki. In ka tambayi mutum sai ya ce ai halal ne, Malam ya faɗa, sannan ya ja sansa zuwa wajen Malam Audu. A teburina mata suka fara tambayar wanda ya yanka kafin su taɓa nama. Iliya kuwa, mutane suka riƙa zuwa shagonsa suna karɓe yadin Sallah da suka kai ɗinki, wasu an riga an yanka, a haka suka kwashe. Wata rana aka watsa masa ruwan kwatami a ƙofa. Kafin watan Sallah ya kama ya ɗaure keken ɗinkinsa ya tafi Anacha. Habu ya dawo gidanmu da kwana, a ɗakin zaure.

A da, ranar Babbar Sallah ba ma ganin Habu sai yamma. Da Liman ya yanka ragonsa, gida-gida ake jan sa, kowa na son hannunsa a kan layyarsa. A wannan shekarar muka sauko daga idi, ana yayyafi, ya shigo ya zauna a kan benci da fararen kayansa. Babu wanda ya aiko. Rago ɗaya gare mu a gidan, na Inna. Na tuɓe riga na ɗauko wuƙata, na ce bari in yi mu huta. Inna ta ji ƙarar wasa wuƙa daga ɗaki. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai, wa ya sa ka?"

"Inna, don a samu a raba ne ba tare da magana ba."

"Ragonka ne? Auta ne zai yanka min. Kuma duk gidan da aka kai, in an tambaya, a faɗi gaskiya. Ban yarda a yi ƙarya a kan layyata ba."

Habu ya ce, "Inna, ki bar Yaya ya yi."

"Tashi, Auta. Tun kafin a haifi masu maganar nake cin abin hannunka."

Ya tashi. Na riƙe masa ƙafafu. Ya shafa wuyan ragon, ya yi masa 'yar maganar nan tasa, ya ambaci sunan Allah da sunan Inna, ya ja. Ban taɓa ganin yanka mai tsabta kamar na ranar ba. Washegari aka sare, aka kasa kamar yadda aka saba, na maƙwabta, na dangi, na mabuƙata. Mahaifiyarku ta ɗauki na matan layi da kanta. Ni na ɗauki na manya. Na fara da gidan Liman. Bai tambaye ni komai ba, ya riga ya sani. Ya sa aka gasa tsokar nan take, ya fito da tabarma ƙofar gida, ya zauna yana ci a hankali, yana amsa gaisuwar masu wucewa da nama a hannu. Allah ya jiƙansa. Daga nan na wuce gidan Sarkin Fawa da cinya guda. Yana zaune da mutanensa. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye.

"Madalla, madalla. Allah ya karɓa. Wa ya yanka wa Inna bana?"

"Ranka ya daɗe, Habu ne."

Na faɗi gaskiya kamar yadda aka umarce ni, amma muryata ta fita kamar mai ambaton sunan ɓarawo. Sarki ya ce ya gode ƙwarai, a gaida Inna. Sannan ya ɗaga murya ya kira wani makanike Ibo da ke da shago a jikin gidansa, ya ce masa da Turanci ya zo ya ɗauki naman Sallah.

"Oga, come carry Sallah meat."

Mutumin ya zo ya ɗauka yana ta godiya, bai san komai ba. Ina durƙushe aka wuce da cinyar ta gabana. Na yi sallama na tashi.

Da na isa gida na tarar da kwanuka jere a tsakar gida. Wasu an dawo da su da uzuri, wai sun yi yanka da yawa bana, nama ya ishe su. Wasu an ajiye a bakin ƙofa ba ko sallama. Gida biyu ne suka karɓa a cikin mutanenmu Hausawa, sai maƙwabtanmu Ibo da suka zo har ɗaki suna yi wa Inna barka da Sallah. Mu ma ba a aiko mana da na kowa ba, sai na Liman. Mahaifiyarku tana suya tana share ido da gefen zane, tana cewa hayaƙi ne. Inna ta sa aka zuba mata, ga shi ba ta da haƙoran kirki, ta yi ta tsotsa tana cewa ragon bana ya fi na bara. Habu yana zaune yana kallon kwanukan. Da la'asar ya wanke wuƙarsa, ya shafa mata mai, ya naɗe a tsumma, ya same ni a zaure.

"Yaya, riƙe wannan."

"Ka ajiye kayanka. Maganar za ta wuce."

"Ba za ta wuce ba muddin ina nan. Teburinka ya mutu, yaran nan za su girma. Gobe zan bi motar Anacha."

"Wurin wa?"

"Ka san wurin wa."

Can ya ce, "Yaya, duk abin nan ba ka taɓa tambayata ba."

Na ce, "Ban tambaya ba."

Ya ce, "To."

Har yau ban sani ba ko godiya ce yake yi min ko jira yake in tambaya. Na ce ya zauna, na faɗa har sau da yawa, kuma da gaske nake. Amma da motar ta tashi daga tasha na ji wani sauƙi ya sauko min a ƙirji, kuma wannan sauƙin ya fi duk abin da Tanko ya faɗa ci min rai. Cikin 'yan makonni kasuwata ta dawo. Mutanen da suka dawo da kwano suka ci gaba da gaishe ni kamar ba a yi komai ba. Ku duka kun yi aure a cikin mutunci, wasunku a gidajen nan da nake faɗa. Inna ba ta sake yin layya ba, ta ce a ba da kuɗin sadaka. Da ta rasu ya zo, ya tsaya a sahun baya, ya koma a ranar.

Kada ku ɗauka na rubuta wannan don in sauya muku addini. Abin da Allah ya haramta ya haramta, a kan haka na rayu, a kan haka nake fatan cikawa. Abin da likitar nan ta faɗa ma ban iya ƙaryata shi ba, don na san Habu tun yana goye, ban ga ranar da ya zaɓi ya zama abin nuni ba. Na kasa haɗa maganganun biyu wuri ɗaya, na bar wa Wanda ya halicce shi. Abin da ke tsakaninsa da Iliya ban gani ba, ban tambaya ba, ba zan yi shaida a kai ba. Abin da na gani shi ne an tambayi littafi, littafi ya ce a ci, mutane suka ƙi, kuma suka kira ƙin nasu tsoron Allah.

Iliya ne ya kira ni a waya da Habu ya cika. Na tarar an riga an yi masa wanka. Mutanen kasuwar albasa sun cika maƙabarta, suna ta faɗin gaskiyarsa a awo, ba su san komai game da Fatakwal ba. Bayan an watse na bi Iliya ɗakinsu. Ya tsufa, ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya shimfiɗa min tabarma, shi ya zauna nesa, kusa da ƙofa, kamar mai jiran a kore shi daga ɗakinsa. Don in sami abin faɗa na tambaye shi ko Habu ya riƙa taɓa aikin fawa a nan, ko da lokacin Sallah.

"Yaya, ko kaza bai sake yankawa ba."

"Me ya hana? Ai nan ba wanda ya san shi."

"Haka na ce masa. Ya ce shi ya san yankansa halal ne, bai taɓa shakka ba. Amma labari na tafiya. Ya ce ba zai so wani ya ci, daga baya ya ji, ya riƙa tuna abin da ya shiga cikinsa yana ƙyama ba. In mun sayi kaza sai ya riƙe ta ya tafi bakin kasuwa ya bi layi. Yaran nan masu yanka ba su iya ba, wuƙarsu ba kaifi. Sai ya ba su, ya juya baya har su gama. Wani lokaci in ya dawo ba ya iya ci."

Na zauna ina kallon buhunan albasa da ya bari a jingine, har aka kira la'asar. Na miƙe na ɗauki buta. Iliya bai motsa ba, ya ce zai yi tasa a ɗaki, kada mutanen da suka zo tare da ni daga Fatakwal su gan mu tare. Na ce masa ya tashi. Muka yi alwala a ƙofa, muka tafi masallaci, na ja hannun rigarsa zuwa sahun gaba, muka tsaya kafaɗata na taɓa tasa.